Rumbun Iri da Hannun Wuta

A gidanmu tun kana zanen goyo ake yanke maka hukunci, kuma Kaka ce alƙali. Ranar suna takan karɓi jariri ta ɗora a cinya, ta saurari kukansa, ta kama tafin hannunsa ta riƙe jim kaɗan, sannan ta ce ruwa ko ta ce wuta. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ni an ce na yi ta tsala kuka har wanzami ya kasa aski sai da aka danne ni, Kaka ta ce wannan wuta ce, a nisanta ta da iri. Yayana, ɗan farin Inna, wanda ya ba ni shekara shida, barci ya yi har aka gama askinsa bai motsa ba. Ruwa. Da wannan barcin ya sami sarautar da yake kai har yau.

Irin da nake faɗi hatsi ne. Ba na ci ba, na shuka. Muna da namu da ba a saye a kasuwa, doguwar zangarniya mai gashi wadda tsuntsu ba ya so, kuma tana nuna da wuri ko damina ta yi rowa. Kowace kaka akan zaɓi zangarniyoyi mafi cika a ɗaure su dami bakwai, a zuba a wani ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakin Kaka, a ɗora jinka, ba a sake buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Mutum ɗaya ne ke zaɓe, shi ke ɗauri, shi ke tsaro. Dole ya zama ruwa, a zamaninmu kuwa Yaya ne. An ce mai zafin hannu in ya taɓa, yana ƙone idon ƙwaya, ta shiga ƙasa ta ƙi fitowa.

Dokar ta kakar Kaka ce, wadda a gidanmu Tsohuwa kawai ake ce mata. Kaka ta riske ta tana yarinya, ta ga tabon ƙuna a hannunta tun daga wuyan hannu har gwiwa. Labarin tabon nan mun ji shi ya fi sau ɗari. Zamanin ne Nasara ba su iso ba tukuna, ƙasar da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ba ta da kwanciyar hankali, mahara kan faɗo wa ƙauye bayan girbi su kwashe hatsi da dabbobi da duk wanda ƙafarsa ba ta da sauri. Tsohuwa tana da goyon fari a wani ƙauye wajen Attantane aka faɗo masu da hantsi. Kowa ya yi daji. Da ta waiwaya ta ga an cinna wa rumbuna wuta, sai ta kwance goyo ta miƙa wa ƙanwar mijinta, ta koma. Ta zura hannu cikin rumbu yana ci, ta fizgo dami ɗaya, ta ɗora a kai. Kwana biyu suna tafiya gabas har suka yada zango kusa da Urafane, inda muke yanzu. Ranin nan ganye aka ci. Mijinta ya ce a sussuke damin a yi wa yara kunu, ta hau kansa ta zauna ta ce sai dai a daka da ita. Ruwa ya sauka, aka shuka, ga mu.

Na taso ina jin labarin nan ina kallon rumbun daga nesa. In an aike ni bayan ɗakin Kaka ɗauko itace, sai ta ɗaga murya ta ce in bi ta gefen zana. Ranar zaɓen iri yara duka suna tsince-tsince, ni ana ba ni tulu a tura ni rijiya. In fura ta yi tsami da wuri, hannuna ne. In kaza ta bar ƙwai, na wuce ta wurin ne. Ban musa ba cewa ina da baki, kuma ba na iya jira. Amma a ce yaro wuta ne tun yana da kwana bakwai, a yi ta faɗa masa safe da yamma, in bai kama ba ai ya ba mutane kunya.

Da na kai shekarar ƙarshe a lise, babbar sakandare, a Tasawa, ina zaune wurin gwaggona, malaminmu na filozofi, Mushe muke ce masa, ya zo wata rana ya gama darasi da sauran lokaci. Sai ya ce bari ya ba mu wani abu da ba zai fito a bak, jarrabawar fita, ba. Ya juya ga allo ya rubuta kalmomi uku, satwa, rajas, tamas. Ya ce a littattafan addinin Hindu an ce duk abin da ke duniyar nan, dutse da abinci da tunanin mutum, da sili uku aka tufka shi kamar igiyar guga. Na farko haske ne, hankali kwance, ido yana ganin abu yadda yake. Na biyu motsi ne da ƙishirwa, mai hana zama. Na uku nauyi ne da duhu, barci da sakaci da gobe ma rana ce. Wani daga bayan aji ya ce wannan karatun masu bautar shanu ne. Mushe ya ce bai ce kowa ya yi sujada ba, ya ce a saurara.

Ya ce har abinci sun raba. Sabon nono da hatsi da ƴaƴan itace suna ƙara haske, mai yaji da gishiri da zafi yana hura motsi, wanda ya kwana ya sauya yana jawo nauyi. Nan na ji haushi, na ce a raina mu da ɗumame ya raina ashe duk a duhu muke, mai saniyar tatsa ne kawai zai ga haske. Amma da ya zo kan aiki sai na daina wasa da bik ɗin rubutuna. Ya ce akwai mai yin aiki don aikin ya kamata a yi, ba ya jiran a yaba. Akwai mai yi da hayaniya, idonsa na kan abin da zai samu. Akwai kuma mai ɗagawa, mai cewa ba komai, har abu ya lalace a gabansa. Ya ce a kula, na farko da na uku daga nesa kamarsu ɗaya, duka biyu a zaune za ka same su ba sa hayaniya. Sai ka matso za ka ga ɗaya idonsa biyu, ɗaya kuwa barci yake.

Na rubuta wannan a bayan kayena, littafin rubutuna, na ja layi biyu. Addinina na nan inda yake, ban ɗauko na kowa ba. Abin da na ɗauko lissafi ne. Mutanen wata ƙasa da ban taɓa gani ba sun ƙirga uku, mu a gidanmu biyu muka ƙirga, na ukun muka sa masa rigar na farko muka ba shi rumbu.

Tsakiyar bazara aka ba mu hutun sati biyu. Na hau kabu-kabu daga Urafane na sauka gida da azahar. Baba ya tafi ci-rani bai dawo ba, gida sai Kaka da Inna da Yaya da ƙanana. Washegari na je ɗauko itace, na bi ta gefen zana kamar kullum, idona ya faɗa kan ƙafafun rumbun iri. Gara ta gina hanyarta ta jar ƙasa a jikin ƙafa biyu, tun daga ƙasa har ta shige gindin rumbun. A gindin kowace ƙafa akwai toka, wani ya zuba, amma gara ta zagaye ta ta hau ta wani kara da ya jingina.

Na sami Yaya gindin gawo yana hura gawayin shayi. Mutum ne mai daɗin zama, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, duk ƙauye ana cewa Allah ya ba mu irinsa. Na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce ƴar lakwal, ƴar boko, ta dawo da bincike, za a duba in sha Allah. Na ce yaushe. Ya ce ba a buɗe rumbun iri kafin ruwa, iska na shiga. Na ce ban ce ya buɗe ba, ya kankare ƙafafun, ya ɗauke karan. Ya ce gaggawa ta Shaiɗan ce, ya miƙo mani kofi.

Na je wurin Inna, nan na gane mai tokar. Ta ce tun wata biyu ta gani. Kullum in ta yi shara takan kwashe tokar murhu ta zuba a gindin ƙafafun, iyakar inda hannunta zai iya zuwa ke nan, don ita shigowa ta yi, ba a taɓa auna ta an ce ruwa ko wuta ba. Na ce me ya hana ta gaya masa. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, balle ta tsayar da shi ta ce ka yi sakaci. Sau biyu, in ji ta, tana wucewa kusa da shi ta ce wa iska, wani rumbu a gidan nan yana son a dube shi. Iska ba ta amsa ba, shi ma haka. Zuwa wurin Kaka kuwa, ta kai ƙarar jikan da Kaka ta goya da kanta, wannan ba bakin suruka ba ne.

Sai na je da kaina. Idon Kaka ya yi yana shekara uku ke nan, ba ta ganin ko ƙofar ɗakinta sosai. Tana jin na ambaci rumbu ta ce me ya kai ni can. Na ce gara. Ta ce mai rumbu yana nan da ransa, kuma tun zamanin Tsohuwa ruwa bai taɓa ba da kunya ba. Ta ce in je in yi karatuna, wuta ba ta ba da shawara kan kara.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zagaya maganar nan. Wannan ne abin da har yanzu in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Ni da ake ce wa wuta, ni mai ja layi biyu a kaye, kwana goma sha ɗaya ina kallon jar ƙasa tana ƙara kauri ina cewa bari in sake gaya wa Yaya gobe. Na kira shi ladabi. Tsoro ne da nauyin jiki. Mushe ya faɗa mana silin nan uku suna jikin kowa, yau wannan ya hau gobe wancan, na ji amma na ɗauka da Yaya yake.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu in koma, maza suka tafi masallaci Urafane. Kaka ta kishingiɗa. Na mirgino turmi na kife shi gindin rumbun na hau. Jinkar ta fi ƙarfina, maimakon in kira Inna mu ɗaga tare sai na ture ta, ta faɗi ta karye gefe guda. Wari ya bugo ni, warin ƙasa mai laima. Damin da ke sama lafiya lau yake a ido. Na ɗaga shi, na ƙarƙashinsa ya biyo shi rabi, sauran ya zube kamar garin tuwo. Daga nan zuwa ƙasa babu hatsi, ginin gara ne mai siffar dami, fararen ƙwari suna ta zuba a hannuna.

Na yi ta jefo abin da ya ragu ƙasa ina zagi. Ban shimfiɗa tabarma ba, ban yi tunaninta ba ma. Zangarniyoyi suna faɗuwa kan rairayi ƙwaya tana warwatsewa, kaji suka taho da gudu, suna cin gara suna cin iri. Inna ce ta fito ta kore su, ta shimfiɗa zanenta, ta ɗauko rariya ta durƙusa tana tankaɗe rairayin da na zubar wa hatsi. Abin da ta tsince a ranar ya kai rabin ƙwarya. Da ta biye mani da kaji sun cinye shi.

Cikin dami bakwai, abin da muka tsirar bai cika biyu ba.

Kukan kaji ya tashe Kaka. Ta taho da sanda tana lalube, ta durƙusa, hannunta ya faɗa kan wani dunƙule ta matsa, ya ruguje a tafinta. Ta daɗe tana murza ƙasar. Na ɗauka za ta tambayi gara. Sai ta tambayi wanda ya buɗe.

Na ce ni ce.

Ta ce, "Da hannunki?"

Na ce, "Da na wa zan buɗe, Kaka? Mai hannun yana can yana jiran gobe."

Ana haka Yaya ya shigo da rigar Juma'arsa. Ya tsaya ya duba, ya yi salati a hankali, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Na ce masa shi da gara ba su da bambanci, sai dai ita tana tashi da wuri ta yi aiki. Na ce shekara ashirin da biyar ana yi masa kirari da barci. Na faɗi wasu da ba zan rubuta ba. Bai rama ba, ya sunkuyar da kai, kuma na ga maganar ta shige shi. Inna, ba ta ɗago daga rariya ba, ta ce, "Ke. Yayanki ne." Na yi shiru don ita, ba don shi ba.

Kaka ta yanke hukunci a wurin. Ta ce abin da wuta ta taɓa ya tashi daga iri ya zama abinci, a kai turmi. Hatsin da aka fizgo daga gobara, aka zauna a kansa rani guda da yunwa, aka riƙe fiye da shekara ɗari, za a yi fura da shi don ni na taɓa. Na durƙusa gabanta, don in na tsaya tsaye ihu zan yi.

Na ce, "Kaka, matar da ta kwance goyonta ta koma cikin gari yana ci da wuta, ta ce wa mijinta sai dai ya daka da ita, ranar sunanta me aka ce? Ruwa?"

Kaka ta juya fuskarta wajen da muryata take. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni take ba, "An ce duk ƙauyen ba mai iya tsayawa gaban bakinta."

Na jira sauran. Na jira ta ce to ashe. Ba ta ce ba. Ta ce Tsohuwa ta san abin da ta gani a jikinta da ya sa ta kafa dokar, ba mu ne za mu kwance ba. Amma ba ta sake ambatar turmi ba. Abin da ta yi shi ne ta sa Yaya ya sake alwala, ya zauna kan tabarma, a riƙa miƙa masa zangarniya ɗaya-ɗaya yana shafawa daga gindi zuwa kai, wai ya sanyaya abin da na ƙona. Har la'asar yana shafa. Ni aka ce in matsa can gefen zana kada inuwata ta faɗa kai. Na tsaya ina kallon mutumin da ya bar wa gara dami biyar yana sa wa ragowar albarka.

Ruwa ya sauka ina Tasawa ina fama da bak. Irin bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na gona ba, sauran aka cike da na kasuwa. Inda aka shuka namu ya fito ba gurbi. Duk ƙauye aka ɗauka, hannun Yaya ya yi magani, ga yaro mai sanyi. Har wata maƙwabciya ta kawo masa irin wakenta ya shafa.

Ni ma na yi nawa. Ranar da na buɗe rumbun na ɓoye zangarniya ɗaya da bai shafa ba a cikin sak ɗina na makaranta. Na murje ta da hannuna, na shuka bayan ɗakin gwaggo a Tasawa, rami goma sha biyu. Duka suka fito. Na yi niyyar in ta yi kai in yanko in kai wa Kaka in sa mata a tafin hannu ba tare da na ce komai ba. Ta kai gwiwa, na tafi duba sakamako na bar ƙofar kara a buɗe don sauri, akuyar maƙwabta ta shiga ta share ta tas. Gwaggo ta kai labari gida. Aka ce Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce wuta ko ba ta ƙone ba sai ta kira akuya.

Da na je gida bayan girbi an sake ɗaure dami, huɗu wannan karon, Yaya ya zaɓa. An yi sabuwar jinka. Ranar da zan tafi Kaka ta kira ni ɗakinta ta ce in rufo ƙofa. Ta ce idonta ya tafi, uwata kuma kunya ta ɗaure mata baki. Ta ce duk sanda na zo, in riƙa bi ta bayan ɗakin nan, ba ta gefen zana ba, in na ga wani abu ita zan gaya wa. Na ce ni wuta? Ta ce ido ba hannu ba ne.

Ban yi godiya ba. Na so in tambaye ta me ya sa mai gani ba zai riƙe ba, me ya sa ba a taɓa kama tafin Inna an auna ba, ita da ta fi mu duka sanin abin da ya kamata, ko da yake shirunta ma ya ci nasa rabon na dami. Na haɗiye, na ce to.

Yanzu duk wata sai na sami dalilin zuwa gida. Yaya yana gindin gawo, in ya hango ni na nufi bayan ɗakin Kaka sai ya tashi ya biyo ni a hankali, ya tsaya nesa kaɗan yana gyaran murya. Ba mu taɓa tayar da maganar Juma'ar nan ba. Ina zagaya rumbun hannuna a baya, yadda kowa zai shaida ban taɓa ba. Tsohuwar wuƙar Inna tana soke a ƙuguna. In na ga jar ƙasa ta fara hawa, ba na jiran gobe, ba na kuma zuwa ɗakin kowa. Nakan durƙusa in kankare. Ƙafar rumbu itace ce, ba iri ba, duk wanda yake da magana ya zo ya same ni a nan.